Shekara biyu kafin baftisma: haka abin yake a ko'ina?

'Yar Bawku:
Salama gare ku 'yan uwa, na Ankara (Accra) da na Kumasi. Ina da tambaya, kuma ina roƙon masu sani su faɗa mini gaskiya, ba lallashi nake nema ba.

Ni mutuniyar wajen Bawku ce, a Mamobi nake zaune, koko da ƙosai nake sayarwa da asuba. Ba a taɓa yi mini baftisma ba. Babanmu hanyar kakanni yake bi har gobe, dangin innarmu kuma Musulmi ne. Wata maƙwabciyata ce ta fara jana zuwa cocin Katolika, na yi ta binta har zuciyata ta kwanta da wurin. Bayan Kirsimeti na ba da sunana a ajin manya masu neman baftisma. Da na tambayi malamin ko za a yi mini a Istan nan, sai ya ce a wurinsu shekara biyu ake yi. Shekara biyu! Ƙawata ta shiga wani cocin Fentikos, wata bai cika ba aka kai su bakin teku aka yi musu.

Ga shi kuma darasin da Turanci da Twi ake yi, ni kuwa Kusal da Hausa nake ji sosai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ran Lahadi da Fada ya gama wa'azi sai a kira mu gaba, a yi mana addu'a, a ce mu fita. Kowa yana kallonmu. Haka ake yi a ko'ina, ko mu ne ba a so?

Katikis Tafo:
Sannu ƙanwata, Allah ya ƙarfafa ki. Ana son ki, kada ki bar wannan tunani ya zauna miki a rai. Ni wannan aikin nake yi a nan Kumasi, bari in shimfiɗa miki yadda hanyar take.

Tsarin shirya manya don baftisma, wanda ake kira RCIA, ba wani Fada ne ya ƙirƙiro shi don ya wahalar da mutane ba. Babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya ce a maido da hanyar da ikilisiyar farko take bi da manya, littafin tsarin kuma ya fito a 1972. Da fari akwai lokacin tambaya, ki zo ki ji, ki tambayi duk abin da ke ranki, ba a ɗaure ki da komai ba. In kin ce kin ji kin gani, sai a sa ranar karɓa. A ƙofar coci Fada zai tambaye ki abin da kike nema wurin ikilisiyar Allah, ki ce bangaskiya, ya yi miki alamar gicciye a goshi. Daga ranar kin zama 'yar gida, ko da ruwa bai taɓa kanki ba. Sai doguwar koyarwa ta biyo baya.

Ran Lahadin farko na azumin kwana 40, bishop ne da kansa ko wanda ya wakilta yake karɓar sunayen waɗanda suka shirya, a rubuta a littafi. Yawanci a babban cocinsa ake yi, ku Holy Spirit da ke Adabraka, mu St. Peter da ke Roman Hill. Lahadi ta 3 da ta 4 da ta 5 akwai addu'o'i na musamman a kanku, ba jarrabawa ba ce. Ana karanta labarin Basamariyar nan a bakin rijiya, da na mutumin da aka haifa makaho, da tashin Li'azaru. Daren Asabar, jajibirin Ista, a yi miki baftisma, a shafa miki man tabbatarwa, ki karɓi Tarayya Mai Tsarki, duka uku a dare ɗaya.

Tsawon lokacin kuwa, littafin bai yanka shi ba, ya bar wa bishop ya duba halin wurinsa. Shi ya sa za ki ji wani wuri shekara ɗaya da ɗoriya, wani wuri biyu. Fitar da ake yi da ku bayan wa'azi tsohuwar al'ada ce. Ya kamata malaminku ya fita tare da ku, ku zauna ku tattauna karatun ranar. Wasu coci-coci ma ba sa yi.

'Yar Bawku:
Na gode Malam. Yana fita da mu kam, amma rabin abin da yake faɗa wuce ni yake yi.

Ɗan Ashaiman:
To, ga inda maganar take. Malam Katikis, da girmamawa, ni Katolika ne tun ina goye, amma ban yarda da yadda muke tafiyar da abin nan ba. Mutumin Habasha da Filibus ya tarar a hanya, a Ayyukan Manzanni sura 8, cewa ya yi ga ruwa, me zai hana a yi mini baftisma? Aka tsayar da karusa aka yi masa nan take. Ranar Fentikos mutum wajen 3,000 aka yi wa a yini ɗaya. Wa ya ce musu su dawo baɗi?

Tsarin namu ya dace da mai aikin ofis, mai hutun Asabar, mai karanta Turanci. Matar da ke tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora koko fa? Mai gadi da ke kwana a bakin get? 'Yar kayayo mai dakon kaya a kasuwar Agbogbloshie? In ka fashe aji sau uku sai a ce ba ka da himma, a mai da kai baya. Ku duba ƙidayar jama'a: a 2010 Katolika kashi 13.1 ne cikin ɗari na mutanen Ghana, a 2021 mun sauko kashi 10. Ba na cewa ajin nan ne kaɗai sanadi, amma mutum ya zo da ƙafarsa yana ƙwanƙwasa ƙofa, mu ce masa ya jira shekara biyu a cikin yaren da ba ya ji, ai sai ya tafi inda aka buɗe masa.

Baba Madina:
Yarona, ka yi magana da zafi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma bari tsoho ya sa baki. Ni Dagati ne. Fada-fadan nan masu fararen riguna sun sauka Navrongo a 1906, daga Wagadugu suka zo. Jirapa sai a 1929 suka iso, su Fada McCoy. A 1932 aka yi fari, mutane suka je aka yi addu'a, ruwa ya sauka, ƙauyuka suka yi ta tururuwa zuwa mishan. Ka san abin da Fada-fadan suka yi da wannan taro? Ba su ɗebo ruwa sun bi kan kowa ba. Dokar da Kadinal Lavigerie, wanda ya kafa ƙungiyarsu, ya bar musu shekara huɗu ce ta koyo. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa Jirapa, da guzurinsu a ka, su kwana a can don darasi. Daga cikin wannan zuriya Peter Dery ya fito, ya zama bishop na Wa a 1960, Kadinal a 2006. Har yau je ka ƙasar Dagati ka ga yadda bangaskiyar ta kafu.

Ɗiyata 'Yar Bawku, yaron da aka kai Suame Magazine koyon gyaran mota shekaru yake yi a hannun maigidansa kafin a sallame shi, kuma ba wanda ke cewa an zalunce shi. Abin da za ki ɗauka na har abada ne.

Ɗan Ashaiman:
Baba, na karɓa da hannu biyu. Amma waɗancan Fada-fadan sun zauna sun koyi Dagare, da yaren mutane suka koyar. Shi Bishop Dery ɗin ma ai shi ya nemi izini daga Roma aka mai da Mas, wato sujadar Katolika, cikin Dagare, da waƙoƙin gida da kiɗan gida. In za a ce mata ta jira, a ba ta abin da za ta ji. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana nan tun 1932. A Nima da Mamobi da Ashaiman da Aboabo, Bafrafre da Bakusashe da Busanga da Dagati in sun haɗu a kasuwa da wane yare suke ciniki?

Katikis Tafo:
A kan yare ba ni da ja. Kana da gaskiya, kuma abin yana damuna. Ni kaina nakan tsayar da darasi in maimaita da Hausa don mutum biyu ko uku. Koyarwar da mutum bai fahimta ba ba ta cika ba.

Amma a kan mutumin Habasha, koma ka karanta da kyau. Daga sujada a Urushalima yake dawowa, littafin annabi Ishaya ne buɗe a hannunsa. Mutanen ranar Fentikos kuma Yahudawa ne da masu bin addinin Yahudawa, sun san Attaura da annabawa. Shirinsu ya riga ya yi nisa kafin manzanni su yi musu magana. Da bishara ta shiga cikin waɗanda ba su da wannan tushe, ikilisiya ta ga dole a tsawaita koyo.

Kuma kada a tsorata ta da cewa in wani abu ya same ta a tsakani ta yi asara. Mai koyo da ke bakin mutuwa ana yi masa baftisma nan take, in ba Fada kusa kowa na iya yi, da ruwa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. In ya rasu kafin a yi, dokar ikilisiya ta ce a yi masa jana'iza irin ta Kirista. Cocin da ke Nima sunan Kizito yake ɗauke da shi. Yaro ne ɗan shekara 14 ko kusa da haka a fadar sarkin Buganda, a ƙasar Uganda ta yau, yana cikin koyo lokacin da tsanani ya taso. Charles Lwanga, wanda ba Fada ba ne, shi ya yi masa baftisma cikin dare, aka ƙone su a Namugongo ran 3 ga Yuni 1886.

Anti Nas:
In ƙara wani abu don masu karatu da ba sa magana, don na san suna nan. In an taɓa yi maka baftisma a Presbi ko Metodis ko Angilika, hanyarka daban ce. Ni a Presbi aka yi mini ina jaririya. Ba a sake yi mini ba, Katolika ta yarda da waccan tunda da ruwa aka yi kuma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu. Takardar baftisma suka nema, na aika gida aka nemo. Na yi darasi, na je na furta zunubaina wurin Fada, na tsaya gaban jama'a na shaida bangaskiya, aka shafa mini mai na karɓi Tarayya. Ke kuwa 'Yar Bawku ba za ki furta zunubi kafin baftisma ba, ruwan ne ke wanke duk abin da ya gabata. Furci sai daga baya.

Amma ƙanwata, in tambaye ki abin da ba wanda ya tambaya. Kina da miji?

'Yar Bawku:
Ina da shi Anti, da 'ya'ya uku. Shi ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci, amma bai hana ni ba. Ni kaɗai ce matarsa. Mutanensa sun je gidanmu an yi gaisuwa, sun kai wasu daga cikin shanun aure, saura ba a kai ba har yanzu. Ban faɗa wa malamin ba, kunya nake ji.

Anti Nas:
To ki aje kunyar nan gefe. Abin da na gani da idona, abin da ya fi tsayar da mutane a ajin nan ba haddar addu'a ba ce, maganar aure ce. Mutum ya yi ta zuwa aji har azumi ya ƙarato, sai ranar da za a tura sunaye wurin bishop maganar ta fito, a ce ya dakata. Wannan dakatarwar ta fi ciwo. Ki je ki faɗa yanzu da sauran lokaci.

Katikis Tafo:
Anti ta faɗi abin da ya fi komai muhimmanci a zancen nan. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, naki mai sauƙi ne in Allah ya so. Mutum biyu da ba a yi wa baftisma ba, in sun yi aure bisa al'adarsu, kuma ba wanda yake da wani auren a baya, ikilisiya tana ɗaukarsa aure ne na gaskiya. Ba a ce sai mijinki ya tuba kafin a yi miki ba, ba a ce ki rabu da shi ba. Abin da Fada zai so ya sani shi ne ko dangin biyu suna ɗaukar ku miji da mata duk da sauran shanun, da ko ɗayanku ya taɓa aure. Ni ba zan yanke hukunci a nan ba, aikin Fada ne, shi zai zauna da ku. In mijinki zai yarda ya raka ki, ya fi.

Mman Talata:
Ita nata mai sauƙi ne. Ku bar ni in faɗi na innata, Allah ya jiƙanta. Ita ce mata ta biyu a gidan babanmu. Ba ita ta zaɓa ba, ba da ita aka yi tana yarinya. Ta shiga aji, ta haddace komai, ta fi waɗanda aka haifa a ciki sanin addu'a. Duk Ista tana zaune tana kallon 'yan ajinta cikin fararen kaya. Ita ke share coci, ita ke dafa wa baƙi abinci, mu 'ya'yanta duka an yi mana baftisma, ita ba a yi mata ba sai bayan babanmu ya rasu, gashinta ya yi fari. Ban bar Katolika ba kuma ba zan bari ba, amma har yau in na tuna sai hawaye ya zo mini. Me ta yi?

Katikis Tafo:
Mma, Allah ya jiƙan Inna, ya sa tana cikin haskensa. Ba ta yi laifin komai ba, kuma ba zan yi miki wa'azi a kan ciwonki ba. Koyarwar ita ce aure na mutum biyu ne, namiji ɗaya da mace ɗaya, ba ni da ikon sauya ta. Ga namiji mai mata da yawa da ke neman baftisma, doka mai lamba 1148 a kundin dokokin ikilisiya ta ce ya zauna da ɗaya, in zama da ta farin ya yi masa wuya yana iya zaɓar wata, kuma dole a tabbatar an kula da bukatun sauran bisa adalci. A takarda gajere ne, a cikin gida kuwa rayukan mutane ne da 'ya'yansu. Manya ma sun san abin yana da nauyi. A taron Roma na Oktoban 2023 an roƙi ƙungiyar bishop-bishop na Afirka, SECAM, wadda ofishinta yake nan Ankara, ta zurfafa nazari a kan yadda za a riƙe irin waɗannan iyalai. Ni dai abin da na ɗaukar wa kaina, irin su Inna da ke ajina ba na barin kowa ya yi musu kallon baƙi.

Mman Talata:
Na gode Malam. Ko wannan ma da ta ji shi a lokacinta, da ya sanyaya mata rai.

Alhaji Sabon Zango:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, kun sani, zumuncin zango ne ya haɗa mu a nan. Ba zan ɓoye miki ba ɗiyata, da so samu ne wajen dangin innarki nake so ki zo. Amma Alƙur'ani ya ce babu tilas a addini, kuma tsarin mulkin ƙasar nan na 1992 ya ba kowa 'yancinsa. Shawara ɗaya zan ba ki. Kawunnanki da innoninki su ji daga bakinki, kada su tsinta a kasuwar Nima. Ki je da goronki, ki durƙusa, ki faɗa musu da ladabi. Za su ji zafi, wataƙila wani ya yi fushi, ki haƙura. Ranar suna ki je, ranar Salla ki kai gaisuwa, ranar rasuwa ki riga kowa isa. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da shekara 100 a duniya ya taka zuwa cocin Christ the King ran Ista a 2019. In shi ya yi haka, ba mu da hujjar yanke zumunci.

Baba Madina:
Alhaji, Allah ya saka da alheri. Haka muka taso muka tarar da zango.

Katikis Tafo:
Na gode Alhaji. Mu ma dokarmu ta hana a tilasta wa kowa shiga Katolika, kuma takardar da taron Vatikan ya fitar a 1965 ta ce ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa. Doguwar koyarwar nan tana ba mutum sarari ya daidaita da danginsa, ya kuma tabbatar shi ne yake so, ba maƙwabciya ko miji ba.

'Yar Bawku:
Kun sauke mini nauyi, Allah ya biya ku. Baba Alhaji, na ji, zan je wurin kawuna babba da ke Nima kafin wata ya ƙare. Maganar babanmu a gida kuma, sai na je da kaina, ba ta waya ba ce. Saura tambaya biyu. Maƙwabciyar nan tawa za ta iya tsaya mini? Kuma nawa ake biya? Na ji ana maganar kuɗi.

Anti Nas:
Za ta iya in Katolika ce da aka yi wa tabbatarwa, tana karɓar Tarayya, ta kai shekara 16, kuma ba mahaifiyarki ba ce. Ki zaɓi wadda za ki iya buga wa ƙofa da dare, don aikinta ba ya ƙarewa da daren Ista. Bayan baftisma ma akwai kwana 50 har Fentikos da za ku ci gaba da haɗuwa. Baftisma ba a sayar da ita. Za a iya ce miki ki kawo kyandir da farin yadi, wani wuri da ɗan abin kati, amma doka ta hana a hana mutum don ba shi da kuɗi. In ya gagara ki faɗa wa Fada kai tsaye. Farin yadin ki bar mini, ni zan saya.

Katikis Tafo:
Addu'ar Ubanmu, da A gaishe ki Maryamu, da Na gaskata da Allah, zan karanta su da Hausa a hankali in turo muryar a nan, ki riƙa saurare kina suya. Ki kuma gaya wa malaminku lokacin aikinki da maganar yaren. Mu katikis da yawa ba ma sani sai an faɗa mana.

Ɗan Ashaiman:
Ni dai har yanzu ina kan bakata, shekara biyu ta yi yawa ga wadda ta daɗe tana zuwa Mas kafin ta ba da suna, kuma ya kamata a duba kowa da halinsa. Amma tunda kowa ya yarda a kan yare, kada maganar ta mutu a nan. Duk mai son ajin Hausa, ko ya san wani mai so, ya rubuta unguwarsa kawai, ba sai da suna ba. In mun taru zan kai wa Fadanmu, Malam Katikis kuma ya kai na Kumasi. Ni na fara: Ashaiman, mutum biyu, dukansu masu gadin dare ne, da rana za su iya.

'Yar Bawku:
Mamobi, ni da wata mai waken shinkafa. Bayan azahar ya fi mana.

Mman Talata:
Aboabo. Zan tambayi matan ƙungiyarmu ran Lahadi in dawo muku da adadi.